ƘURAJEN FUSKA GA MAI JUNA BIYU: KADA GARIN NEMAN GIRA A RASA IDO

A wannan mako za mu yi magana a kan wani al'amari wanda da yawa daga cikin magidanta za su ga kamar bai kai a kawo shi a wannan fili ba, watau ƙurajen da kan feso wa mace a fuska sa'ad da take da juna biyu. Abin da ya sa muka kawo shi kuwa shi ne, su ƙurajen ba sa yi wa ɗan da ke ciki illa ko kaɗan, amma wasu daga cikin magungunan da ake sha ko ake shafawa don a rabu da su suna iya nakasa shi tun kafin ya zo duniya. Sau da yawa kuma maigida ne ke sayo maganin da kuɗinsa a kan hanyarsa ta komowa daga ofis ko kasuwa, wani ɗan'uwanmu kuma shi ne ya sayar masa a kantinsa. Ashe ke nan magana ta shafe mu duka.

ABIN DA KE KAWO SU

A cikin fatar ɗan Adam akwai 'yan ƙananan jakunkuna masu fitar da maiƙo, kowace tana haɗe da ramin gashi, kuma sun fi yawa a fuska da ƙirji da gadon baya. Aikin wannan maiƙo shi ne ya hana fata bushewa. To, idan ya yi yawa, ya gamu da matattun ƙwayoyin fata, sai bakin ramin ya toshe. Daga nan wasu ƙwayoyin halitta, waɗanda dama suna zaune a fatar kowa, mai ƙuraje da marar ƙuraje, su sami wurin hayayyafa, wurin ya kumbura, ya yi ja, wani lokaci ya tara mugunya. Wannan shi ne ƙurjin da muke gani.

Abin da ke umurtar jakunkunan su ƙara maiƙo kuwa wasu sinadarai ne da jiki ke sarrafawa, waɗanda likitoci ke kira homon. Su ne ke ƙaruwa a lokacin balaga, shi ya sa Bahaushe ke cewa ƙurajen balaga, kuma likitocin fata sun ƙiyasta cewa wajen 85 cikin 100 na matasa 'yan shekara 12 zuwa 24 sukan yi su, ko da kaɗan ne. Idan mace ta ɗauki ciki, waɗannan sinadarai sukan sake sauyawa ƙwarai domin riƙon cikin. Wata ƙurajen su taso mata tun watannin laulayi, wata sai ciki ya tsufa, wata kuwa fuskarta ma gyaruwa take yi. Wadda ta yi fama da su tun tana budurwa, ko wadda suke fito mata gab da al'ada, ita ta fi kusa da samunsu. Mafi yawa kuma sukan lafa bayan haihuwa, sa'ad da jiki ya koma daidai.

CAMFE-CAMFEN DA SUKA YI YAWA

Na farko shi ne zaton ƙazanta ce ke kawo su. Baƙin ɗigon da ake gani a kan hanci, wanda ake ɗauka dauɗa ce, maiƙo ne da iska ta taɓa ya yi duhu. Matar da ta gaskata zancen ƙazanta sai ta dinga dirzar fuska da soso da sabulu mai ƙarfi sau biyar ko shida a yini, fata ta ƙuje, ƙuraje su ƙara fushi, tabo ya biyo baya.

Na biyu, ana cewa gyaɗa ce, ko ƙwai, ko man shanu. Maiƙon da aka ci ba ya bin jini ya fito ta fuska. Iyakar abin da binciken likitoci ya nuna shi ne, yawan sukari da lemon kwalba da kayan fulawa na iya ƙara ƙuraje ga wasu mutane, haka nan madarar shanu ga wasu. Hatsarin wannan camfi ga mai ciki a fili yake: a hana ta ƙwai da gyaɗa da nono a daidai lokacin da ita da abin da ke cikinta suka fi bukatar abinci mai gina jiki. Rage kayan zaƙi yana da amfani gare ta ta fuskoki da yawa, amma kada ta bar ƙwai ko nono saboda ƙurji.

Na uku, tsofaffi sukan ce in fuskar mai ciki ta lalace, to, mace za ta haifa, wai 'yar ce ta kwashe kyan uwarta. Wannan zance ne kawai na hira. Mata da yawa sun yi ƙuraje sun haifi maza, wasu fuskarsu sumul sun haifi mata.

Na huɗu, a ce dattin jini ne, sai an sha abin wanke ciki. Mai juna biyu ba ta shan maganin gudawa ko jiƙe-jiƙen da ba a san ƙarfinsu ba, domin wasu na iya tayar da naƙuda kafin lokaci ko su jawo ɓari.

Na biyar, kuma shi ya fi muni a zaman gida, shi ne a jingina abin ga sammu ko kambun baka, a fara zargin kishiya ko maƙwabciya. Neman tsari da addu'a abu ne mai kyau a kowane hali, amma munana zato ga Musulmi ba tare da hujja ba laifi ne, balle a kan abin da dalilinsa sananne ne, wanda ke samun mata a Kano da Alƙahira da Landan baki ɗaya. Har ila yau ƙurajen nan ba a ɗaukarsu, saboda haka babu dalilin ware mata kwano ko tawul don tsoron kamuwa.

Akwai kuma dabarun gida, kamar shafa man goge baki, ko ruwan lemon tsami, ko kanwa, ko matse ƙurjin da farce. Duk waɗannan ƙona fata suke yi. Mu kuwa masu baƙar fata, duk inda fatarmu ta ji ciwo takan bar baƙin tabo wanda kan yi watanni bai gushe ba, ga shi kuma ciki da kansa yana ƙara wa fata duhu.

MAGUNGUNAN DA KE CUTAR DA ƊAN CIKI

A da, har likitoci sun ɗauka mabiyiya katanga ce da magani ba ya ƙetarewa. Abin da ya farkar da duniya shi ne wani magani mai suna talidomaid, wanda aka fara sayarwa a Jamus ta Yamma a 1957 don barci, aka kuma riƙa ba masu ciki don laulayi. Kafin a janye shi a 1961, an haifi jarirai fiye da 10,000 a ƙasashe dabam-dabam da guntayen hannuwa da ƙafafu. Tun daga nan aka gane cewa abin da uwa ta sha, ɗanta ma ya sha. Abin lura kuma, gaɓoɓin ɗan tayi suna ƙeruwa ne tsakanin mako na 3 da na 8 bayan shigar ciki, watau lokacin da mata da yawa ba su ma tabbatar suna da cikin ba.

A cikin magungunan ƙuraje, wanda ya fi kowane hatsari shi ne ƙwayar aisotiretinoyin, wadda aka sani da sunayen kasuwa Accutane da Roaccutane. Hukumar magunguna ta Amurka ta yarda da ita a 1982, kuma lalle tana warkar da ƙuraje masu tsanani waɗanda suka gagari sauran magunguna. Amma a 1985 wasu likitoci a Amurka suka buga rahoto a kan ciki 154 da aka sha wannan ƙwaya a cikinsa. An zubar da 95. Daga cikin 59 da suka rage, 12 sun ɓare da kansu, an haifi 26 ba tare da babbar nakasa ba, 21 kuwa an haife su da nakasa a kunne, ko zuciya, ko ƙwaƙwalwa, ko ƙirar fuska. Saboda haka tun 2006 Amurka ta kafa wani tsari mai tsauri, inda ba a ba macen da za ta iya ɗaukar ciki wannan magani sai an gwada ta sau biyu an ga ba ta da ciki, a riƙa maimaita gwajin kowane wata, ta kuma guji ɗaukar ciki har wata guda bayan ta gama sha. To, idan ƙasar da ta fara yarda da maganin ta kafa masa irin wannan shinge, yaya za a yi mu karɓe shi daga hannun ɗan'uwan da ya dawo da shi daga tafiya, ko mu saya ta intanet don wata ƙawa ta yaba shi?

Wannan ƙwaya tana da dangi na shafawa, irin su Retin-A da Differin, da mayukan gyaran fuska da aka rubuta retinol a jikinsu. Abin da ke ratsa fata daga cikinsu kaɗan ne, amma duk da haka a 2018 hukumar magunguna ta Tarayyar Turai ta jaddada cewa kada mai ciki ko mai shirin ɗaukar ciki ta shafa magungunan wannan dangi. Wadda ta shafa kafin ta san tana da ciki, ta daina, ta gaya wa likita, kada kuma ta tayar da hankalinta. Wadda ta sha ƙwayar kuwa ta daina nan take, ta je asibiti a ranar.

Sai kuma kafson nan ja da rawaya, watau tetirasaikilin, wanda ake samu har a faranti a tasha, da 'yan'uwansa dokisaikilin da minosaikilin. Likitoci suna ba da su don ƙuraje ga wanda ba shi da ciki. Amma daga wajen wata na 4 na ciki suna shiga haƙoran ɗan tayi da ƙashinsa, yaro ya fito da haƙora masu launin ƙasa-ƙasa da wanki ba ya fitarwa. Haka nan sifironolakton, maganin hawan jini da kumburi wanda wasu likitoci ke bayarwa don ƙuraje, ba a ba mai ciki shi, domin yana iya taɓa halittar al'aurar ɗa namiji.

MAN BILICIN

A ƙasarmu ba waɗancan ƙwayoyi ne suka fi yawa a hannun mata ba. Abin da ya fi yawa shi ne man bilicin da haɗe-haɗen da ake dama wa a roba ba suna ba lamba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta kawo a wata takarda ta 2011 cewa 77 cikin 100 na matan Nijeriya suna amfani da kayan hasken fata, kuma a 2023 hukumar NAFDAC ta bayyana al'amarin a matsayin babbar matsalar lafiya ta gaggawa ga ƙasa. Mace ta ga tabon ƙuraje, ga ranar suna tana matsowa, ga dangi da ƙawaye za su taru, sai a ce mata ga wani mai da ke share tabo cikin mako guda.

Abubuwa uku ne suka fi yawa a irin waɗannan mayuka. Na farko sitiroyid mai ƙarfi, wanda a kwali ake rubuta shi Clobetasol ko Betamethasone. Magani ne na gaske don wasu cututtukan fata, na 'yan kwanaki, da umurnin likita. Yakan kwantar da ƙurji da fari, mace ta yi murna, daga baya shi da kansa ya haifar da sababbin ƙuraje, fata ta yi sirara, nankarwa ta fito, in an daina kuma fuska ta yi bore. A wani bincike da aka buga a 2007 a kan mata 99 masu tsohon ciki a Dakar ta ƙasar Senegal, an sami 68 suna shafa man hasken fata, kuma masu shafa sitiroyid mai ƙarfi daga cikinsu mabiyiyarsu ta fi ƙanƙanta, sun kuma fi haihuwar jarirai marasa nauyi. Mayukan nan masu haɗi uku da ake saya a kemis don kowane irin ƙaiƙayi, su ma yawancinsu da sitiroyid a ciki.

Na biyu haidirokwinon, wanda kashi mai yawa na abin da aka shafa yake ratsa fata ya shiga jini, shi ya sa likitoci ke hana mai ciki. Ƙasar Ghana ta hana shigo da kayan shafa masu ɗauke da shi a 2016. Na uku zaiba, wadda ke cikin wasu sabulai da mayuka. Tana lalata ƙoda, tana ƙetare mabiyiya ta taɓa ƙwaƙwalwar ɗan tayi, tana kuma fita ta ruwan nono. Illar zaiba ga jarirai ta bayyana ga duniya a garin Minamata na ƙasar Japan, inda aka gano cutar a 1956, kuma da sunan garin aka kira yarjejeniyar duniya ta 2013 mai taƙaita amfani da ita.

ABIN DA YA KAMATA A YI

Ta wanke fuska sau biyu a yini da sabulu mai laushi da ruwa mai ɗumi kaɗan, da tafin hannu, ba da soso ba. Ta bar matsa da tsokana. Ta lura da man kitso da basilin, domin idan suka gangaro goshi, ɗankwali ko hijabi ya danne su cikin zafi, sukan toshe ramukan fata. Ta riƙa wanke ɗankwali da rigar matashi a kai a kai, kada kuma ta kwana da hoda ko kwalliya a fuska.

Idan haka bai wadatar ba, akwai magunguna na shafawa da likitoci suka amince da su ga mai ciki. Akwai asid ɗin azelayik, mai ƙarfin 15 ko 20 cikin 100, wanda ke rage ƙuraje ya kuma dusashe baƙin tabo. Akwai benzoyil feroksaid mai ƙarfin 2.5 zuwa 5 cikin 100, sai dai yana koɗar da tufafi, a yi hattara da mayafi. Akwai kilindamaisin da eritiromaisin na shafawa. Idan ƙurajen manya ne masu ciwo, likita na iya zaɓar ƙwayar sha wadda ta dace da watannin cikin. Duk waɗannan a bakin likita ko ma'aikaciyar awo za a ji su. Kuma a sani cewa maganin ƙuraje na gaskiya yakan ɗauki mako 6 zuwa 8 kafin a ga sauyi, wani lokaci har 12. Duk man da ya share fuska cikin kwana uku, to, a tuhume shi.

Ga masu tambaya game da ibada, wanke fuska a alwala ba ya ƙara ƙuraje muddin ba a dirza ba. Man da fata ta shanye ba ya hana alwala, sai wanda ya yi kauri har ya tare ruwa, shi ne ake gogewa tukuna, shi ya sa shafa magani bayan sallar lisha ya fi sauƙi. A mazhabar Imamu Malik kuma fitar jini daga ƙurji ba ya warware alwala, ɗan jini ko mugunya da bai kai faɗin dirhami ba an yi rangwame a kansa.

Sai dai ba kowane ƙurji ne ƙurjin fuska ba. Idan ƙuraje sun zo da zazzaɓi, ko sun bazu a jiki da ruwa a cikinsu kamar ƙarambau, ko mace na fama da ƙaiƙayi mai tsanani a tafin hannu da tafin ƙafa musamman da dare, ko fuska ta kumbura tare da ciwon kai da gani dishi-dishi, to, a tafi asibiti ba tare da jinkiri ba. Na ƙarshen nan yana iya zama hawan jinin ciki mai kai wa ga jijjiga. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a 2016 cewa mai ciki ta sadu da ma'aikatan lafiya aƙalla sau 8 kafin ta haihu. In za ta awo, ta tafi da duk abin da take sha da wanda take shafawa, har da na gargajiya, ta nuna musu. Matambayi ba ya ɓata.

GA MAIGIDA DA ƊAN KASUWA

Alƙur'ani mai girma ya ambaci wahalar da uwa ke sha wajen ɗaukar ciki a Suratu Luƙman da Suratul Ahƙaf. Macen da ke cikin wannan hali, ga laulayi, ga nauyi, ga rashin barci, ba ta bukatar ƙarin gori a kan fuskarta. Mata da yawa ba don kansu suke bilicin ba. Kalma guda ce daga bakin miji, ko kwatanta ta da amarya, ko raha a gaban baƙi, ke tura su wurin mai haɗa mai. Maigida ya kiyaye harshensa, ya gaya mata abin na ɗan lokaci ne, ya ba ta izini da kuɗin zuwa awo, ya kuma daina karɓo magani a kemis da kwatance. Ma'aikacin da ya san ba a fitar da kuɗin gwamnati sai da sa hannu, bai kamata ya shigar da ƙwaya cikin jikin iyalinsa ba tare da takardar likita ba. Ɗan da ke ciki amana ne a wuyan uwa da uba, ba shi da bakin da zai ce a'a.

Ɗan kasuwa mai kantin kayan shafa ko na magani kuwa, shari'a ta hana algus da ɓoye aibin haja. Sayar da haɗin da ba a san abin da ke ciki ba, ko juye mai a wata roba don a ɓoye sunansa, ko cewa na itatuwa ne zalla alhali da sitiroyid a ciki, duk suna cikin wannan babi. Ya duba lambar rajistar NAFDAC, ya karanta abin da aka rubuta a kwali, ya guji kayan da ba su da sunan wanda ya yi su. Idan mace ta zo neman maganin ƙuraje, ko aka aiko yaro, ya tambaya cikin ladabi ko mai shafawar tana da juna biyu ko tana shayarwa. In haka ne, ya ce ta fara ganin likita. Zai yiwu cinikin ranar ya wuce shi, amma ribar da za a ci a kan lafiyar jaririn wani ba ta da albarka.

Muna roƙon malamai masu wa'azi da malaman makarantun Islamiyya na matan aure su isar da wannan bayani, domin da yawa daga cikin waɗanda abin ya shafa jarida ba ta kai wa gare su. Allah Ya sauki masu juna biyu lafiya, Ya raya abin da za su haifa bisa tafarkin gaskiya, Ya kuma tsare mu daga cutar da waɗanda aka ba mu amanarsu. Amin.